Ceshin, garin 'yan nan

Takardar kuɗi ce ta kai ni garin. Muna zaune a ɗakin cin abinci na makaranta a Katowice, ni da wani abokin karatuna ɗan ƙasar Polan, ya zaro zuloti 20 zai biya kuɗin shayi, sai ya juya bayanta ya ɗora yatsa a kan hoton wani ɗan ƙaramin ginin dutse mai kama da rumbu. Ya ce, "Daga tagar kakata ana hango tudun da wannan yake." Shekara ɗaya da rabi ina kashe takardar nan, ban taɓa tsayawa na dubi ginin ba. Ya ce tsohuwar ta aiko ya je ƙarshen mako ya kai kyandir kabarin mahaifinta, don ƙafafunta sun daina kai ta, kuma kabarin yana wata ƙasa. Na ce wace ƙasa? Ya ce Cek. Na ce to da jirgi za ka? Ya yi dariya, ya ce daga ƙofar gidanta zuwa maƙabartar ba a yin awa guda a ƙafa.

Ni haifaffen Jibiya ne, kuma Gwaggona tana aure a Maraɗi tun kafin a haife ni. A lokacin nan, wato Oktoban 2023, iyakarmu da Nijar a rufe take tun bayan juyin mulkin watan Yuli. An yi sunan ɗan yayana, Gwaggo ba ta samu zuwa ba, sai goro da turmin atamfa ta aiko ta hannun wani ɗan acaɓa da ya san hanyar daji. Saboda haka da na ji an ce akwai garin da ake shiga wata ƙasa da ƙafa don ziyarar kabari a dawo kafin abinci ya huce, ban jira ya gayyace ni ba. Na ce da ni za a.

Mun kama bas da sassafe ranar Asabar, 28 ga wata. Tafiyar wajen awa ɗaya da rabi ce, ana yin kudu. Da farko unguwannin ma'adinai ne da dogayen bututun hayaƙi, sannan gonaki da tafkunan kiwon kifi, can kuma sai duwatsun Beskid suka fara leƙowa ta cikin hazo. A allon bakin gari an rubuta Cieszyn. Kada rubutun ya ba ku tsoro, a baki Ceshin ne kawai. Mutanen Cek suna cewa Teshin, Jamusawa kuma Teshen suka san shi. Garin bai fi mutum dubu talatin da 'yan kai ba a wannan gefen, a tsallake kuma akwai dubu ashirin da wani abu.

Abin da na fara lura da shi, garin ya fi ƙarfin yawan mutanensa. Ga dandali mai faɗi da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, ga gidaje masu hawa uku fentin ruwan ƙwai da ruwan hoda, ga gidan wasan kwaikwayo da za a iya ɗauka a ajiye a babban birni ba wanda zai ce uffan. Abokina ya ce ƙaramar Biyena suke ce masa, kuma ba cika baki ba ne kawai, don ɗaruruwan shekaru daga Biyena, babban birnin Ostiriya, ake juya shi. Muka gangara ta babban titin kasuwa da ake kira Głęboka, wato mai zurfi, saboda gangara yake yi har bakin kogi. Titin nan ya sha suna. A ƙarshen zamanin Ostiriya an laƙaba masa sunan gimbiya Stefani, matar yarima mai jiran gado. Da Polan ta karɓa aka mayar da shi titin dakarun neman 'yanci. Bayan yaƙin duniya na biyu ya zama titin Jan Sojan Sobiyet, sai da gurguzu ya faɗi ya koma sunansa na kaka da kakanni. Na tambayi abokina, to mutanen gari fa, wanne suke kira? Ya ce kakarsa ba ta taɓa cewa komai ba sai Głęboka. Masu fenti ne dai suka riƙa samun aiki.

Daga titin muka ratse wani lungu zuwa rijiyar 'yan'uwa uku. Labarin da ake bai wa yara shi ne wasu 'ya'yan sarki uku, Bolko da Leshko da Ceshko, suka rabu suka shiga duniya, bayan dogon lokaci suka haɗu a bakin wannan ruwa a shekara ta 810. Murna ta kama su suka kafa gari, kuma da yake kalmar murna a harshen Polan ta yi kama da sunan garin, shi ke nan an samu asali. An yi wa rijiyar rumfar ƙarfe a 1868, an rubuta labarin a jiki. Na leƙa, ruwa ne kore da tsabar kuɗi a ƙasa. Kusugu ta Daura ta faɗo mini, na ce ashe kowane gari sai ya nemo rijiyar da zai jingina da ita. Malaman tarihi ba su yarda da 810 ɗin ba. Abin da ke hannu a rubuce shi ne wata takardar Paparoma ta 1155 da ta ambaci sunan wurin. Amma fa abin ya tsaya mini a rai: garin da ya gina sunansa a kan haɗuwar 'yan'uwa, shi ne aka zo aka tsaga biyu.

Tudun fada yana ƙarshen titin, kansa a kan kogi. Can muka tarar da rumbun takardar kuɗin, majami'ar Nikolas, zagayayya, katangarta mai kauri, tagoginta kamar tsagar ido. Shekarunta sun haura 800, tana cikin tsofaffin gine-ginen da suka rage a tsaye a duk ƙasar Polan. Na fito da zuloti ashirin ɗina na ɗaga kusa da ita na ɗauki hoto, kamar yadda na ga wasu 'yan makaranta suna yi, ba kunya. Kusa da ita akwai hasumiyar dutse mai kusurwa huɗu, tsayinta ya kusa mita 30, ita ce abin da ya rage daga tsohuwar fadar sarakunan garin. Muka biya muka hau. Matakalar ƙunci gare ta, na isa sama ina haki.

Gani ya kori ji. Daga can sama gari ɗaya ne. Rufin jan tayil ta nan, rufin jan tayil ta can, hasumiyoyin coci a gefe biyu, a tsakiya kuma wani siririn ruwa mai suna Olza yana tafiya a kan tsakuwa. Wallahi gulbin da ke bi ta Jibiya ya gangara Maraɗi ya fi shi cika ido da damina. Yaro zai iya jefa dutse ya faɗa tsallake. Abokina ya nuna mini da hannu: can tashar jirgin ƙasa ce, ta Cek ce, nan tsohon gari ne, na Polan ne, wancan hayaƙi da ke can kudu masana'antar ƙarfe ce ta Třinec, ita ma ta Cek.

A nan saman ya warware mini jerin masu garin, iska tana kaɗa mu. Wani reshe na gidan Piast, gidan da ya kafa ƙasar Polan, shi ya mayar da Ceshin masarauta mai kanta wajen 1290. Ba a yi shekara arba'in ba, a 1327, sarkin garin ya kai caffa ga sarkin Bohemiya, wato ƙasar Cek ta yau. Kun ga tushen rigimar tun daga nan: jinin sarauta na Polan, mubaya'a ta Cek. Duk wanda ya zo daga baya yana da takardar da zai ɗaga. A 1526 gadon Bohemiya ya faɗa hannun gidan Habsburg na Ostiriya, Ceshin ta bi. Sarakunan Piast suka ci gaba da riƙe garin a ƙarƙashinsu har 1653, lokacin da ta ƙarshensu, wata mace mai suna Elizabet Lukresiya, ta rasu, masarautar ta koma hannun Habsburg kai tsaye.

Abin da ya bambanta Ceshin da maƙwabtanta ya faru ne a 1742. Sarkin Purushiya, Firedirik, ya ƙwace kusan duk yankin Silesiya daga hannun sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, sai 'yan lunguna na kudu, har da wannan, suka rage mata. Shi ya sa har gobe mutanen Katowice da kewaye ke tsokanar mutanen Ceshin da cesaroki, wato mutanen sarkin Biyena, su kuma su rama da kiran su mutanen Purushiya. Wasa ne irin na Katsinawa da Nufawa, amma akwai gaskiya a ƙarƙashinsa, don har a girki da yanayin magana ana gane su. Mariya Teresa ta ba 'yarta da surukinta Albat masarautar, kamar kayan ɗaki. Shi Albat ɗin ne ya tara zane-zanen da suka zama gidan Albertina na Biyena, wanda masu yawon buɗe ido ke layi su shiga. Na yi tunanin manoman da ke gangaren duwatsun nan, ko akwai ɗayansu da ya taɓa ganin zane ɗaya daga ciki. A Ceshin ne kuma aka sa hannu a sulhun 1779 da ya kawo ƙarshen wani yaƙi tsakanin Ostiriya da Purushiya, wanda sojoji suka raɗa wa suna yaƙin dankali, don sun fi ɓata lokaci wajen tonon abinci a gonakin mutane a kan harbi.

Azahar ta same mu a tudun. Na duba alƙibla a waya, kudu maso gabas, na shimfiɗa rigar sanyina a kan ciyawa bayan wata bishiya na yi salla. Wata tsohuwa mai jan kare ta kauce ta bi ta baya don kada ta gifta gabana, ban san wa ya koya mata ba.

Kafin mu je gida abokina ya ce sai na ga cocinsu. Na ɗauka duk ɗan Polan Katolika ne, ashe a nan ba haka ba ne. Muka haura wancan gefen gari zuwa wani ƙaton gini mai doguwar hasumiya, cocin Yesu, wanda ya fi kowane cocin mabiya Luta, wato wani reshe na Furotesta, girma a ƙasar. Labarinsa ya fi na sarakunan kama ni. A tsakiyar ƙarni na 16 sarkin Ceshin ya karɓi tafarkin Luta, talakawa suka bi shi. Ɗansa ya hau gado, a 1610 ya koma Katolika, ya ce kowa ya dawo. Wasu suka dawo, da yawa suka ƙi. Shekara guda bayan garin ya koma hannun Habsburg, a 1654, aka ƙwace majami'unsu kusan hamsin a faɗin masarautar. Sai suka koma ibada a cikin dajin duwatsu, a ɓoye, dutse ne mumbarinsu, kuma har yanzu ana zuwa wuraren. Sun fi shekara hamsin a haka. Wanda ya cece su ma ba ɗan ƙasar ba ne, sarkin Suwidin ne, Cals na 12, da ya zo da rundunarsa ya matsa wa sarkin Ostiriya a 1707 har ya yarda a gina majami'u shida a Silesiya. Ɗaya ta faɗo Ceshin, da sharaɗin a bayan ganuwa za a yi ta. Aka fara a 1709. Da yake ita kaɗai ce a duk yankin, sai suka yi ta da benaye hawa-hawa a ciki don ta ɗauki dubban mutane, masu tahowa daga ƙauyuka tun daren Asabar. Na zauna a benci na baya ina kallon benayen nan na katako. Sarki goma zamani goma, in ji mutanenmu, amma waɗannan sun nuna akwai abin da sarki ba ya iya sauyawa da sanarwa.

Kakar abokina tana zaune a hawa na biyu na wani tsohon gida kusa da unguwar da suke kira Benis ɗin Ceshin, inda wata ƙorama ke bi ta ƙofar gidaje, kowane gida da 'yar gadarsa. Unguwar majema da masaƙa ce a da, ruwan suke bi. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, saura wata guda ta cika 85. Jikanta yana ce mata starka, haka ake kiran kaka a nan. Ni ma na gaishe ta da shi, na rusuna kamar yadda aka koya mini a gida. Ta kama hannuna da hannu biyu ta ce wani abu, jikan ya fassara: wai wa ya bar yaron nan ya rame haka. An riga an gaya mata ba na cin alade ba na shan giya, don haka ta aika aka sayo burodin garin da ake yi da kifi mai gishiri da ƙwai, ta dafa miyar kaza da taliya, ga kuma wani waina mai cuku a tsakiya da suke kira kołocz.

Harshen da take yi ba irin na ajinmu ba ne. Ina tsintar kalmar Polan, sai in ji wata ta Cek, sai ta Jamus ta gifta. Na tambayi sunan harshen. Ta ce po naszymu. Ma'anarsa, irin namu. Shi ke nan sunan.

Da aka kawo shayi ta sa jikan ya sauko da wani gwangwanin biskit cike da takardu. Mahaifinta an haife shi a 1908 a tsallaken kogi, takardar haihuwarsa ta Ostiriya ce. Yana yaro ya ga manyan hafsoshi suna yawo a dandali, don daga ƙarshen 1914 har kusan shekara biyu a Ceshin babbar hedikwatar sojan Ostiriya take, daga nan ake juya yaƙin duniya na farko a fagen gabas. A 1918 daular ta watse kamar an fasa tulu. Polan ta tashi, Cekoslobakiya ta tashi, kowacce ta ce Ceshin tata ce. Polan ta ce a ƙirga masu jin harshenta a ƙauyuka, sun fi yawa. Cek ta ce a duba takardun 1327. Amma tsohuwar ta kaɗa kai ta ce ba wannan ba ne, kwal ne da dogo. Gaskiyarta. Ramukan kwal na Karviná suna yankin, ga ƙarfen Třinec, ga kuma layin dogon da ya taso daga Bohumín ya bi ta Ceshin ya nufi Košice, wanda a lokacin shi ne babbar hanyar da ta haɗa ƙasar Cek da gabashin Sulobakiya. A 23 ga Janairu 1919 sojan Cek suka shigo, aka yi yaƙin kwana bakwai. Manyan ƙasashe suka ce a tsaya, za a yi ƙuri'ar raba gardama. Ba a yi ta ba. A 28 ga Yuli 1920 jakadun manyan ƙasashe suka zauna a Paris suka ja layi a kan Olza, daidai lokacin da sojan Bolshebik na Rasha ke tunkarar Warso, babban birnin Polan, ita kuwa ba ta da bakin musu.

Nan na ajiye kofin shayina. Na gaya musu cewa layin da ya raba ni da Gwaggona ma a Paris da Landan aka ja shi, tsakanin 1898 da 1906, kuma abin da ya sa aka yi ta gyara shi Faransawa ne ke neman hanya mai rijiyoyi da za ta kai ayarinsu daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Cadi. Su dogo, mu rijiya. Har yau sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, Katsinar kuwa tana wata ƙasa. Jikan ya fassara mata. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ƙara mini kołocz.

Ta ci gaba da fito da takardu. Yayanta an haife shi a 1936, ɗan Cekoslobakiya. Ita an haife ta a Nuwamban 1938, 'yar Polan, don wata guda kafin nan, a 2 ga Oktoba, sojan Polan sun tsallaka gada sun karɓe tsallaken, suna amfani da damar da yarjejeniyar Munik ta bayar lokacin da Hitila ke yayyaga Cekoslobakiya. Ƙanwarta an haife ta a 1941, takardarta da tambarin Jamus. Uwa ɗaya, uba ɗaya, ɗaki ɗaya, gado ɗaya. Na tambaye ta ko mutanenta sun yi murna a 1938. Ta ce an yi, an watsa wa sojoji furanni, mahaifiyarta na ciki da tsohon ciki. Sannan aka rufe makarantun Cek aka kori maƙwabtansu da dama, kamar yadda su ma aka matsa musu a baya. Ba ta kare kowa ba. Na lura mutanen Polan da na sani sun haddace 1919, na Cek kuma 1938 suka haddace. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Murnar wata goma sha ɗaya ta yi. A 1 ga Satumba 1939 Jamus ta shigo ta haɗe gefe biyun a ƙarƙashinta, sojan Polan suka fasa gadoji suna ja da baya. Cikin watan aka ƙone wuraren ibadar Yahudawan garin, mutanen da maƙabartarsu ke nan tun 1647, daga baya aka kwashe su zuwa sansanonin da ba a dawowa. A Maris 1942 aka rataye mutum 24 a wani fili kusa da kogi, aka tilasta wa jama'a su tsaya su kalla. Sai kuma takardar da suka kira Volksliste, jerin waɗanda Jamus ta yarda su zama nata. In ka sa hannu, gidanka ya tsira amma a ɗauke ka soja. In ka ƙi, a kai ka aikin dole ko abin da ya fi shi. Mahaifinta ya sa hannu, yana da 'ya'ya uku. Aka sa masa kakin Jamus a 1943, ya dawo a 1946 ba ya magana. Ƙanensa ya ƙi sa hannu, ya yi shekara uku a wata gona a Jamus. Ta ce 'yan'uwan nan biyu sun ci gaba da zama a teburi ɗaya ranar Kirsimeti har suka mutu, ba wanda ya taɓa tayar da zancen.

A Mayun 1945 sojan Sobiyet suka iso, layi ya koma kan kogi. Jamusawan garin, waɗanda ƙidayar 1910 ta nuna masu harshensu sun kai shida cikin goma na mutanen birnin, suka gudu ko aka kore su. Ita kuma ta girma a Cekoslobakiya, ta auri ɗan wannan gefen, ta ƙetaro. Ƙasashen biyu duk na gurguzu ne, 'yan'uwa a bakin rediyo, amma sai da takardar izini take zuwa ganin uwarta, wadda in ta tsaya a bakin kogi tana iya hango hayaƙin murhunta.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Starka, to ke 'yar wace ƙasa ce?" Ta yi wata 'yar dariya ta buga ƙirji da yatsa ta ce, "Jo je stela." Ni 'yar nan ce. Jikan ya ce haka tsofaffi ke amsawa, har kalmar ta zama suna, a ce wane stela ne, wane kuwa baƙo ne ko da ya shekara talatin. Ban ɗauke shi wayo ko kauce wa tambaya ba. Wanda aka sauya wa tuta sau biyar bai motsa daga ɗakinsa ba, ina ganin ya fi mai tambayar sanin abin da yake faɗa.

Wajen ƙarfe uku muka ɗauki kyandirori huɗu cikin jan gilashi da tukunyar fure muka nufi gadar Abota, wadda ke ƙarƙashin tudun fada. A da taragon lantarki na bi ta kanta, daga cikin gari zuwa tashar jirgi. An fara shi a 1911, ya mutu a 1921, don ba a iya tsayar da tarago a tsakiyar gada a binciki kowa sau goma a yini. Rabon ma abin dariya ne in ba kai aka yi wa ba: Polan ta samu fada da dandali ba babbar tasha, Cek ta samu tasha ba dandali ba gidan hukuma, sai da ta gina nata. Abokina ya tuna yarintarsa kafin Disambar 2007, lokacin da aka ɗauke shingen. Ya ce akwai mutanen da ake kira mrówki, wato tururuwa, masu ƙetarawa sau da yawa a yini, kowane zuwa da 'yan kwalaben da doka ta yarda, su tara wa mai saye a wannan gefen. Na ce ai mu ma muna da su, jarkar fetur da buhun shinkafa suke ɗauka, kuma rabin unguwarmu da su aka yi karatu.

Da muka hau gadar sai na ji ƙafata tana rage sauri da kanta. Hannuna ya tafi aljihu ya dafe fasfo da katin zama. Idona yana neman inda mai kaki zai fito ya ce kai, zo nan. Duk wanda ya taɓa bi ta Magama zuwa Ɗan Isa ya san wannan jin, ka shirya gaisuwa, ka shirya canji a aljihu na daban. Ba kowa. Wata mata ta wuce ni da keken jariri, wani dattijo da burodi a hammata, yara biyu a kan keke. A tsakiya akwai alama a ƙasa da allon sunan ƙasashen. Na tsaya a kai, abokina ya yi gaba bai ma lura ba, sai wayata ta yi ƙara, saƙon kamfanin waya ne yana mini barka da zuwa Jamhuriyar Cek. Shi ne kaɗai ya kula na shigo.

Ba wai layin ya mutu ba ne, barci yake. A Maris 2020, da annobar korona ta zo, an wayi gari an datse gadar da shinge da sojoji. Masu aiki a tsallake suka rasa hanya, iyalai suka koma ɗaga wa juna hannu daga gaɓa zuwa gaɓa. A lokacin ne mutanen gefen Polan suka rataya ƙyalle a bakin kogi suna cewa sun yi kewar mutumin Cek, na can suka rataya nasu suna cewa su ma haka.

Tsallaken shiru muka same shi, tutoci a jikin gine-gine, manyan kantuna a rufe. Ashe 28 ga Oktoba ranar hutu ce a can, ranar da aka kafa Cekoslobakiya a 1918, ƙasar da ta daina wanzuwa tun farkon 1993. A bayanmu kuwa, taku ɗari biyu, Asabar ce kamar kowace Asabar, ana ta ciniki. Allunan tituna da harshe biyu, Cek a sama, Polan a ƙasa, saboda masu jin harshen Polan da suka rage a can. Na so sayen ruwa a wani ɗan shago, na miƙa zuloti, matar ta karɓa ba gardama ta ba ni canji da kuronar Cek, kamar yadda ake karɓar naira a ba ka sefa a kasuwar Maraɗi.

A maƙabarta mutane sun cika, kowa da tsintsiya da bokiti, ana shirin ranar tunawa da matattu ta farkon Nuwamba. Abokina ya durƙusa ya share ganyen da ya rufe kabarin, ya goge dutsen da tsumma, ya kunna kyandirorin. Na koma gefe na tsaya. Rubutun da harshen Polan ne, na kusa da shi da Cek, na bayansa wani tsoho da Jamusanci wanda gansakuka ta cinye rabinsa, ba kyandir ko ɗaya a kansa. Da ya gama sai ya ɗauki ɗaya daga cikin huɗun ya ajiye a kan wancan. Ya ce starka ce ta ce a riƙa yi, ba ta san ko waye ba.

Mun dawo gada rana tana faɗuwa bayanmu. Na ce ya yi gaba zan same shi. Na jingina da ƙarfen gadar na kira Gwaggo. Sai a kira na uku ya shiga, ta ce wuta ce babu tun jiya, a shagon mai caji ta karɓo wayar yanzu. Ta tambayi karatu, ta tambayi sanyi, ta ce ko na ga hoton jaririn, wai hancin Baffa ne sak. Na ce mata Gwaggo, yau na je wata ƙasa da ƙafa na dawo. Ta ce, "To, Allah ya kiyaye. Nawa suka karɓa a hannunka?"